Sama da wata guda ina SIWES, aike kawai nake sha: yaya zan yi magana ba tare da an ce na zaƙe ba?

Ɗan aji huɗu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manyanmu. Ni ɗalibin injiniyan lantarki ne, ina yin SIWES, wato horon aikin hannu da makaranta ke tura ɗalibai, na wata shida a wata masana'antar robobi a Kano, ɓangaren gyara. An haura wata guda da farawa, amma abin da nake yi daga safe har a tashi shi ne ɗauko akwatin kayan aiki, riƙe fitila, sayo ruwan leda, wani lokacin share ɗakin janareta. In inji ya tsaya ana tafiya da ni, sai dai a baya nake tsayawa, ba abin da nake gani sai ƙeyar mutane. Injiniyan da aka ce shi ne mai kula da ni bai taɓa buɗe logbuk ɗina, littafin da nake rubuta aikin kullum, ba. Nakan yi niyyar yi masa magana, in na isa ƙofar ofishinsa sai ya yi mini kwarjini, in juyo. Tsorona biyu ne: kar a ce yaron nan ya cika iyayi, kar kuma a ba ni aiki in kasa, a ce ai dama 'yan jami'a ba su san komai ba. Yaya mutum zai nemi abin da ya kawo shi ba tare da ya ɓata da kowa ba? Kuma me zan rubuta a makonnin da suka wuce?

Injiniyan gyara:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara cire wa ranka cewa ƙin ka ake yi. Tsoro suke ji. A masana'antar robobi, da zarar injin narka roba ya tsaya, robar da ke cikin bututunsa ta fara daskarewa, ga manaja a tsaye a kansu yana duba agogo. A irin wannan lokacin ba mai miƙa sukudireba ga wanda bai san hannunsa ba, balle a gaban wuta mai bolt 415 da ba ta yafiya. Bayan haka sun saba ganin ɗaliban da ke leƙowa sau biyu a mako, su zauna suna danna waya, ƙarshen wata shida su kawo littafi a sa musu hannu. Tun ranar da ka shigo suka lissafa ka cikin waɗannan, kuma kai ne za ka fitar da kanka.

Kar ka je wurin injiniya ka ce, "Yallaɓai, ba a koya mini komai." Ƙorafi ne, amsarsa kuma guda ce: "Ka yi haƙuri, za a duba." Kar kuma ka ce, "A ba ni aiki," domin ka ɗora masa nauyin zama ya yi tunanin wane aiki ne ba za ka ɓata ba, shi kuwa ba shi da wannan lokacin. Ka je masa da abu a hannu.

Akwai ayyukan da ba sa buƙatar ka buɗe fanel ko ka taɓa waya. Ka sayi ɗan littafi daban, ba logbuk ba. Kowane moton lantarki yana da farantin ƙarfe a jikinsa mai ɗauke da bayaninsa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, bayan ka gaida mai aiki da injin ka nemi izininsa, ka kwafe kilowat, bolt, amfiya, yawan juyawa a minti, irin haɗin da aka yi masa, sta ko delta, da lambar boris in an rubuta. Ka ƙara da inda yake da abin da yake juyawa: famfon ruwan sanyaya, kwamfuresa, injin markaɗen roba. Masana'antu da yawa ba su da wannan jeri a rubuce, yana cikin kan helma, shugaban masu gyara, ne kawai, ranar da bai zo ba sai a yi ta lalube. Amma kar ka kusanci bel ko fanka da riga mai faɗin hannu, wanda kuma farantinsa ke lungun da sai ka miƙa hannu kusa da abin da ke juyawa, ka bar shi sai an kashe.

In ka gama wannan, ka zana hanyar wutar gidan a takarda guda: daga taransifoma, inda take sauka zuwa 415, zuwa wurin canji tsakanin wutar gari da janareta, zuwa babban fanel, zuwa ƙananan fanel na kowane layi, da girman bureka a kowane mataki. Ɗakin janaretan da kake sharewa ma makaranta ce. Duk awa ka rubuta bolt da amfiya na layukan uku, da hatz, da zafin ruwa, da matsin baƙin mai, da awannin da ya yi yana aiki. Irin waɗannan manyan janareta suna juyawa 1500 a minti don su ba da hatz 50, in ka ga allon ya sauka ƙasa da haka lokacin da aka tada babban inji, ka rubuta lokacin. In layi ɗaya yana ɗaukar kaya fiye da sauran biyun da nisa, wannan abin nunawa ne. Da yawa ana canza musu mai duk awa 250, amma ka duba littafin naku.

Sai zaɓen lokaci. Ba safiyar Litinin ba, ba lokacin da inji ya tsaya ba, ba kuma gaban baƙo ko manaja ba. Bayan azahar, in an ci abinci gida ya lafa, ka yi sallama ka ce minti biyar kake nema. Ga irin maganar: "Yallaɓai, barka da aiki. Na tattara bayanin kowane moto da ke layi na biyu, ga shi. Akwai uku da farantinsu ya goge. In an zo gyaran ranar Asabar, ina roƙon a bar ni in riƙe mega in auna su a gaban helma, in rubuta abin da ya fito." Mega ita ce na'urar auna lafiyar rufin wayar moto. Duba abin da ke cikin maganar nan. Ka ambaci aikin, ka ambaci ranar, ka ambaci wanda zai tsaya a kanka, kuma aiki ne da ake yi wuta a kashe. Cewa "to" ta fi masa sauƙi a kan cewa "a'a".

Amma kafin Asabar ɗin ka shirya, domin abin kunya shi ne a miƙo maka mega ka tsaya kana jujjuya ta. Moton 415 da bolt 500 ake auna shi. A cire wayoyin da suka shigo akwatin haɗinsa, a cire 'yan ƙarafan da ke haɗa bakunan, sannan ka auna kowane naɗi da gangar jikin moton, ka kuma auna tsakanin naɗi da naɗi. Abin da ya gaza megohm 1 abin zargi ne: ko danshi ya shiga, ko rufin wayar ya fara ƙonewa. Bayan awo ka taɓa bakin naɗin da jikin moton ta waya, cajin da ya rage ya zube. Kuma kar ka kuskura ka danna mega alhali moton yana haɗe da inbata mai sarrafa gudu, za ka ƙone masa kati mai tsada, daga ranar kuma ba mai sake ba ka ko tasta.

Ka zauna da zanen sta-delta har ka iya zana shi da ka: kwantakta uku masu haɗa wa moto wuta, taima, da obalod mai yanke wuta in moto ya ja fiye da kima. Moton da aka tada kai tsaye yana jan ninki shida zuwa bakwai na amfiyarsa a daƙiƙun farko, sta tana sauko da wannan zuwa kashi ɗaya bisa uku. Inda mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne saitin obalod. In an ɗora shi a kan wayoyin da ke tafiya naɗi, ba a kan babban layi ba, ana ninka amfiyar faranti da 0.58. Moton kilowat 15 da farantinsa ya ce amfiya 28, wajen 16 za a saita. In aka saita 28, moton zai gasu obalod bai ko motsa ba. In kuma ka ga obalod yana yawan yankewa, ba a murɗa shi sama don ya yi shiru. A sa kilam mita, mai auna amfiya ta maƙale waya, a layukan uku, a duba ko layi ɗaya ya ɗauke, ko boris ya kama, ko roba ta cushe injin.

Faɗuwar gaban da kake ji a ƙofar ofis, rabinta rashin abin faɗa ne. Ranar da ka san amsar tambaya biyu da zai iya yi maka a kan takardar da ke hannunka, za ka ga ƙafarka ta shiga da kanta.

Tsohon helma:

Injiniya ya yi magana mai kyau, amma ni a ganina ya fara daga sama. Ɗana, injiniya hannu zai sa maka, masu koya maka aiki su ne waɗanda kake kallon ƙeyarsu. In ka tsallake su ka je ofis da takarda, aka dawo aka ce musu "ku bar yaron nan ya auna," za su bar ka, amma ba mai buɗe baki ya gaya maka komai. Ka fara nuna wa helma jerin nan. Ka ce, "Baba, ga abin da na tattara, ka duba mini ko na yi kuskure kafin in nuna wa injiniya." Zai gyara maka abu biyu ko uku, daga nan takardar ta zama da hannunsa a ciki, shi zai ma yi maka magana a ofis.

Ka riga su zuwa. Ka gaida kowa da sunansa, har mai shara da maigadi. Akwatin da kake ɗauka, ka san abin da ke cikinsa: sifana 10, 13, 17, filaya, alanki, tef, tasta, kilam mita. Ka lura da tsarin aikin mutum, kafin ya ce "miƙo" ka riga ka miƙa. In an gama ka goge kayan, ka ƙirga, ka mayar. Sifanar da aka manta a cikin fanel tana iya tada gobara, yaron da ke ƙirga kaya kuwa ba a barin sa a baya.

Riƙe fitila da ka raina, babu wurin da ya fi shi. Mai fitila shi ne na biyu a bakin fanel. Ka matso ta gefen kafaɗar mai aiki, ka haska inda hannunsa zai je, ba inda yake ba. In ka iya wannan, ya san kana bin aikin.

Tambaya kuma tana da lokaci. Mutum hannunsa na cikin fanel ba a yi masa tambaya. Ka riƙe ta har a rufe murfi, inji ya tashi, ana wanke hannu. Guda ɗaya ko biyu, ba goma ba. Kuma akwai bambanci tsakanin "me ya sa ka yi haka?" da "Malam, na ga ka fara zuwa kan kwantakta kafin ka duba fiyus, me ka ji ko me ka gani?" Ta farko tuhuma ce a kunnen babba. Ta biyu za ta sa ya gaya maka cewa ƙarar da kwantaktan ke yi ce ta nuna masa, ko warin ƙuna, abin da ba ya cikin littafinku. Kalmar "a makaranta an ce mana" ka ajiye ta a gida. In ka ga abin da ya saɓa wa karatunka, ka same shi shi kaɗai ka ce ka rikice, ya warware maka. Wani lokacin yana da dalili, wani lokacin kuma zai yi shiru, gobe ka ga ya gyara. Kar ka nemi ya ce kai ne da gaskiya.

Wuri ɗaya ne ba a jira: in ka ga mutum zai kai hannu inda kake zaton akwai wuta, ko wani zai tada inji alhali akwai mutum a jikinsa. Nan ka ɗaga murya, ko wane ne. In ka yi kuskure an yi dariya, ba komai.

Maganar aike, ka rarrabe. Aike zuwa sito ka karɓa da gudu, nan za ka koyi lambobin kaya, da yadda ake cike takardar fitar da su, da wane kaya ne ke yawan ƙarewa. Sayo ruwa in ana aikin zafi, ƙarami a wuri shi ke yi, ba wulaƙanci ba ne. Amma a aike ka wajen get lokacin aiki, kai saƙo gidan wani ko ɗauko masa yara, wannan ba ya cikin abin da ya kawo ka. Ba sai ka yi musu ba. Ka ce, "Oga, ka yi haƙuri, ƙarfe sha ɗaya zan ɗauki karatun janareta, ba na so ya wuce." Shi ya sa yake da kyau ka sami aikin da aka san naka ne. Wanda ba shi da aiki shi ake aika.

Malami mai kula da SIWES:

Bari in taɓo ɓangaren takardu, domin ɗalibai da yawa suna ɗaukar kansu kamar alfarma aka yi musu, shi ya sa bakinsu ke mutuwa. SIWES shiri ne na ƙasa. Hukumar ITF, ta horar da ma'aikatan masana'antu, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, ita ta fara shi a 1973, saboda masu masana'antu suna kukan cewa waɗanda suka gama karatu ba su san aikin hannu ba. Ana gudanar da shi tare da hukumomin da ke kula da jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi, wato NUC da NBTE da NCCE. Kamfanin da ya ba ka takardar karɓa ya amince ne zai horar da kai, ya kuma sa wani ya kula da kai. Kwas ne mai maki da zai shiga sakamakonka. Don haka in ka nemi a duba littafinka, ba roƙo kake ba, kana tuna wa mutum abin da ke kansa ne, cikin ladabi.

Ka fara duba naka ɓangaren. Ka kai fom ɗin fara aiki, wanda ake kira SCAF, ofishin ITF mafi kusa da inda kake? A makonnin farko ake kai shi. In ba ka kai ba, gobe ka nemi izini ka je, domin da shi ake sanin inda kake.

Makonnin da suka wuce, kar ka ƙirƙiro musu aiki, kar kuma ka kwafi na abokinka da ke wani kamfani. Ranar kare rahoto malamai kan buɗe logbuk su ɗora yatsa a kan layi guda su ce yi bayani. Wanda ya rubuta cewa ya naɗa moto alhali bai taɓa gani ba, a tambaya ta biyu yake tonuwa. Ka rubuta gaskiya, amma da idon mai koyo. Maimakon "na raka su gyara," ka rubuta wane inji ne, me aka ce yana yi, me aka fara dubawa, da wane kayan awo, me aka samu, me aka canza. Abin da ka manta ka tambayi wanda ya yi aikin, ko ka duba littafin gyara na ɓangaren in suna da shi. Ka rubuta "na kalla" inda ka kalla, "na taimaka" inda ka taimaka, "na yi" inda ka yi da hannunka. Shafin zane kar ya tafi fayau: zanen hanyar wuta da na sta-delta da Injiniya ya ambata, nan ne wurinsu. Daga yau kuma kullum ka cike kafin ka bar get, abin da aka bari sai ƙarshen mako rabinsa ya gudu.

Sa hannu duk mako ne. Kar ka tara wata uku ka kai wa mutum, zai sa maka hannu a tsaye bai karanta ba, ko ya ce ka dawo, ka yi ta sintiri. Ka roƙi rana guda tsayayya, misali Alhamis da yamma, ka kai littafin a buɗe a shafin da za a sa hannu, da biro. A wannan zaman ne za ka gabatar da abin da kake so ka gani mako mai zuwa. Ka kuma nemi a zagaya da kai: mako biyu a ɗakin janareta, wasu a wurin fanel, wasu a sito, in suna bayar da naɗin moto a waje ka roƙi ka bi moton zuwa wurin mai naɗi.

In ka yi duk wannan mako biyu ko uku ba abin da ya canza, sai ka hau mataki na gaba, amma bi da bi. Injiniyanka tukuna. Sannan wanda ke kula da 'yan IT, wato ɗalibai masu horo irinka, a ofishin ma'aikata. Sannan malamin da makaranta ta ba ka, ko ofishin SIWES na makarantarku. Kar ka jira sai malamin ya zo ziyara, mai yiwuwa sai kusa da ƙarshe zai zo, lokacin ba abin da zai iya gyarawa. Ka kira shi ko ka tura saƙo gajere: sunanka, lambarka, inda kake, abin da kake yi kullum, matakan da ka ɗauka. Ban da zagin kamfani. Sauya wuri yana yiwuwa, amma da sanin makaranta da ITF, da sabuwar takardar karɓa a hannu kafin ka bar tsohon wurin. Wanda ya tashi da kansa ya koma wani wuri, malami ya je bai same shi ba, a rubuce bai yi SIWES ba.

Tun saura wata guda ka fara bin fom na 8, wanda kai da kamfani da makaranta kowa ke da wurin cikewa, da hatimin kamfani a logbuk, da na ofishin ITF. Kar ka bar su sai ranar ƙarshe, ranar ce za a ce mai hatimi ya yi tafiya.

Yayarku ta ofishin ma'aikata:

Duk an yi maganar yadda za ka sa a ce maka "to." Ni ina so in yi maganar ranar da kai za ka ce "a'a," domin tana zuwa, kuma tana zuwa ne daidai lokacin da aka fara yarda da kai. Wata rana helma ba ya nan, inji ya tsaya, mai aiki da shi zai ce, "Kai ba injiniya ba ne? Buɗe ka duba mana." Zuciyarka za ta ce ga damar nuna kai. Kar ka buɗe. Ka ce, "Ba a ba ni izinin buɗe fanel ni kaɗai ba, bari in kira helma," ka ciro waya a gabansa. Zai yi tsaki, amma in abu ya lalace shi ne farkon wanda zai ce bai sa ka ba.

Ko da babba ne ya sa ka, ka tabbatar da idonka an kashe daga bureka, an sa kwaɗo ko alamar da ke hana wani ya mayar, sannan a gwada mitar a wurin da aka san akwai wuta, a auna layukan uku a inda za a yi aiki, a sake gwada mitar. "Ai na kashe" ba hujja ba ce, a gidan da ke da wutar gari da janareta wuta tana iya zuwa ta hanyar da ba a zata ba. Fanel mai kafasita kuma yana riƙe caji bayan an kashe, sai an jira. Neman takalmin sefti, safar hannu, abin toshe kunne a ɗakin janareta, ba tsoro ba ne kuma ba raini ba ne. In ba a ba ka ba, ka tambaya a ofishinmu. Ka kuma san inda akwatin taimakon gaggawa da tukunyar kashe gobara suke, ka san cewa ba a watsa wa gobarar lantarki ruwa.

In ka ɓata abu, ka faɗa nan take, ga wanda ke kanka, kafin a gano. Fiyus ɗin mita da ka ƙona saboda ka auna bolt tana kan amfiya, ƙaramin abu ne in ka faɗa. In ka mayar da ita akwati ka yi shiru, wani ya ɗauka ya dogara da ita, ya zama babba. In ka ji rauni, ko ƙanƙane ne, a rubuta a ranar.

Abubuwan da suka shafi lokacinka, ka faɗe su tun da wuri, kar ka riƙa sulalewa. Sallar Juma'a, zuwa ofishin ITF, kiran makaranta, rashin lafiya: ka sanar kafin, in ta kama a rubuce. Maganar kuɗi ma haka. Wasu kamfanoni suna ba 'yan IT ɗan abin mota, wasu ba sa bayarwa. Tambaya ɗaya a ofishin ma'aikata ta wadatar, ba a wurin helma ba, ba kuma kullum ba. Alawus na gwamnati ta hannun ITF yakan yi jinkiri, kar ka gina lissafin kuɗin motarka a kansa, ka dai tabbatar lambar asusun da ka bayar da sunanka take.

Ƙannena mata da ke karantawa, ku naku yana da ƙari. Sau da yawa za a ce ki zauna a ofis ki riƙa shigar da takardu, wai don a tausaya miki. Ki yi godiya, ki ce makaranta za ta tambaye ki aikin fili, ki nemi kwana uku a mako tare da masu gyara. Ki sa hijabin da za ki cusa cikin rigar aiki, ba mai lilo kusa da bel ba. Wanda ya fara kiran ki da dare, ko ya ce sai kin same shi a wani wuri zai sa miki hannu, ki amsa sau ɗaya a fili cewa maganar aiki a wurin aiki take, kar ki goge saƙonninsa, ki rubuta rana da lokaci, ki sanar da ofishin ma'aikata da malaminki da wani babba a gida. Ana iya canza miki mai sa hannu. Shirun da kike yi don kar a ce kin tada fitina, shi yake dogara da shi.

Ɗan aji huɗu:

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma. Gobe in sha Allahu zan fara da layi na biyu, kuma Baba helma zan fara nuna wa. Saura abu ɗaya. Injiniyan yana da ɗabi'ar jefa wa mutum tambaya a gaban jama'a. In ya tambaye ni abin da ban sani ba, ko na sani amma ya gudu, me zan ce?

Injiniyan gyara:

Kar ka yi kintace, kar kuma ka sunkuyar da kai ka yi shiru, duka biyun suna sa a daina tambayar ka. Ka faɗi iyakar abin da ka sani, ka tsaya a nan. Misali ya ce me ya sa moton nan yake zafi, ka ce, "Yallaɓai, abin da na sani, ko kaya ya yi masa yawa, ko layi ɗaya ya yi rauni, ko fankarsa ta toshe. Wanne ne a nan, sai an auna." In ba ka da komai a kai, ka ce, "Ban sani ba, amma zan duba in kawo maka gobe." Sannan goben ka kawo, ko ya manta, a rabin takarda, da zane in yana buƙata. Mu da ke jefa irin wannan tambaya ba amsar muke auna ba, muna duba wanda za a iya aika shi wurin inji ya dawo da gaskiyar abin da ya gani. Ka ɗaga murya yadda za a ji ka a kan ƙarar injuna, wanda ke magana ƙasa-ƙasa a masana'anta sai a ɗauka ba shi da tabbas. In kuma za ka ɗauki hoton faranti ko fanel don rahotonka, ka nemi izini tukuna, wasu kamfanonin sun hana ɗaukar hoto a cikin gida.